Mai Ɓoye Musuluncinsa a Idon Marubuta: Sharhi kan Salla da Azumi a Asirce

Akwai wani jigo da marubutanmu na ƙagaggun labarai suke yawan leƙawa, amma ba safai suke shiga cikinsa su zauna ba, wato labarin wanda ya karɓi Musulunci alhali iyayensa suna kan wani addinin. Duk mai bin littattafan nan namu, tun daga na soyayya da suka cika kasuwa a shekarun 1990 har zuwa waɗanda ake yaɗawa ta waya, ya san yadda zaren yake tafiya. Yarinya ce 'yar gidan Kirista, ta haɗu da tauraron labari a makaranta ko wurin aiki, halinsa ya burge ta. A shafi guda za ta je gaban liman ta yi kalmar shahada, a sauya mata suna, iyaye su kore ta, wani attajiri ya riƙe ta, sai kuma ɗaurin aure.

Abin da muke son dubawa a wannan sharhi shi ne abin da ake tsallakewa. A rayuwa ta zahiri, da yawa daga masu shiga Musulunci sukan yi watanni ko shekaru a gidan iyayensu ba tare da kowa ya sani ba, domin suna tsoron kora, ko yanke kuɗin makaranta, ko kuma ɓacin ran mahaifiya. A cikin wannan zama salla biyar tana kansu kullum, ga kuma azumin Ramadan yana zuwa. A ganinmu nan ne ainihin labarin yake, kuma nan ne alƙalamin marubutanmu yake gudu.

Abin da littattafan Sira suka yi

Ba za mu ce babu abin koyi ba, domin malaman Sira ba su tsallake wannan mataki ba. Ibn Ishaƙ ya kawo cewa sahabban farko kan fita zuwa kwazazzaban Makka su yi salla don kada danginsu su gan su, sa'annan ya kawo labarin Faɗima 'yar Haɗɗabi da mijinta Sa'idu, waɗanda suka ɓoye imaninsu ga Sayyidina Umar (RA) har ranar da ya same su da takardar Suratu Ɗaha. Amma wanda ya fi dacewa da batunmu shi ne Mus'abu ɗan Umairu (RA). Saurayi ne ɗan gata, wanda babu mai sutura da ƙamshi irin nasa a Makka, kuma duk gatan nan daga hannun mahaifiyarsa yake fitowa. Ya musulunta a gidan Arƙam, ya ɓoye, yana zuwa wurin Manzon Allah (SAW) a asirce, har Usmanu ɗan Ɗalha ya gan shi yana salla ya kai labari gida. Aka tsare shi, bai sami fita ba sai lokacin hijira zuwa Habasha, wajen shekarar 615.

Mu lura da yadda aka ƙulla wannan labari. An fara nuna mana abin da saurayin zai rasa, an nuna cewa wadda yake ɓoye wa ita ce wadda ta fi kowa ƙaunarsa, sa'annan salla ce ta tona asirin. Mai karatu yana jin nauyin kowace sujada, saboda ya san farashinta.

Fim ɗin The Message na Mustafa Akkad, wanda ya fito a 1976 kuma jama'armu suka san shi sosai, ya taɓa wannan wuri da kyau a fage ɗaya, inda Ammar ya dawo gida daga taron ɓoye, iyayensa suka tsare shi da tambaya, har mahaifiyarsa Sumayya ta tuno da 'yan'uwanta mata da aka binne da rai. Sai dai da yake fim ɗin yana son tattara shekara 23 cikin kimanin sa'a uku, bai daɗe a nan ba. Nan da nan iyayen suka bi ɗansu, aka fita filin azaba a bainar jama'a.

Inda Sira ba za ta wadatar ba

Wani abu da ya kamata marubuci ya sani shi ne, ba a wajabta azumin Ramadan ba sai a shekara ta 2 bayan Hijira, wato 624, lokacin da Musulmi suke da garinsu a Madina. Ke nan labaran zamanin gidan Arƙam za su koya mana ɓoye salla, amma ba za su koya mana ɓoye azumin wata guda ba. Alhali kuwa a nan ne wuyar aikin take.

Malamai sukan ce azumi shi ne ibadar sirri, domin babu mai ganin sa sai Allah, salla kuwa a bayyane take. Ga mai ɓoye Musuluncinsa abin juyawa yake yi. Salla dai ta 'yan mintoci ce: ta kulle ƙofa, ta shimfiɗa zane mai tsarki a madadin darduma, ta yi karatu yadda ita kaɗai za ta ji, ta goge ruwan alwala kafin ta fito. Amma yaya za ta yi da kwanon abincin da mahaifiyarta ta ajiye mata da rana, yau da gobe, har kwana 29 ko 30? Yau ta ce ciwon ciki, gobe ta ce ta ci a makaranta, jibi fa? Sahur sai ta ɓoye burodi a ɗaki tun da dare, domin ƙarar cokali da asuba tana iya tada gida. Da magariba kuma, idan aka lura kullum sai ladanin unguwa ya kira salla take kai kofi baki, magana ta ƙare. A shekarun da azumin Kirista na kwana 40 ya haɗu da Ramadan, kamar 2024 da 2025, tana iya fakewa da wancan, sai kuma wata tambaya ta taso a ranta: har yaushe za ta riƙa yi wa uwarta ƙarya saboda ibada?

Wanda ya yi wa irin wannan zama adalci a ƙagaggen labari sai mun leƙa Masar. Radwa Ashur, wadda ta rasu a 2014, ta fitar da littafinta Garnaɗa a 1994, kashi na farko cikin uku. Mutanen labarin ba sababbin shiga Musulunci ba ne, Musulmin Andalus ne da aka tilasta wa shiga Kiristanci bayan faɗuwar birnin a 1492, don haka tsoronsu na hukuma ne, ba na iyaye ba. Duk da haka darasin salo ɗaya ne. Marubuciyar ta tsaya a cikin gidan Abu Ja'afar mai ɗinkin littattafai da jikokinsa Hasan da Salima, ta nuna yadda ɓoyo yake shiga cikin girki, da aure, da wankan gawa, da sunan da ake kiran yaro a waje da wanda ake kiransa a ɗaka. Tarihi ma ya goyi bayanta. Fatawar nan ta 1504 da aka fi sani da Fatawar Wahran ta ba mutanen Andalus damar yin salla da ishara, da rama ta rana da dare, da yin taimama idan ruwa zai tona asiri. A bayanan kotun coci ta Sifaniya kuwa ana samun waɗanda aka kai ƙara domin maƙwabta sun lura ba sa cin abinci da rana a watan azumi.

Asarar da muke yi

Gaggawar da muke yi tana jawo asara uku. Ta farko, imanin tauraruwar yakan zama mara nauyi, har mai karatu ya zaci saboda miji ta musulunta, tun da ba mu taɓa ganin ta ita kaɗai da Ubangijinta a ɗakin da babu mai yaba mata ba. Ta biyu, iyayenta sukan zama dodanni, ba su da aiki sai zagi da duka. Alhali uwar da ta ga 'yarta tana ramewa ta ƙi cin abinci, abin da zai fara zuwa ranta shi ne asibiti, kuma idan ta gano gaskiya kukanta na wadda take ganin ta rasa 'ya ne. Musulunci kansa ya umarci ɗa ya kyautata wa iyaye ko da sun saɓa masa a addini, don haka marubucin da ya mai da su abokan gaba ya rage wa labarinsa gaskiya, ya kuma ƙara wa zaman tarenmu tsami. Ta uku, akwai masu karatunmu da suke cikin wannan hali a yanzu haka. Idan suka buɗe littafi suka tarar kowace matsala attajiri ne yake warware ta a babi na gaba, me muka ba su?

Kammalawa

Ba muna kira a mai da ƙagaggen labari littafin fiƙihu ba ne. Amma wanda zai rubuta wannan jigo ya kamata ya zauna da malami ya san sauƙin da shari'a ta yi wa wanda ke cikin takura, ya saurari waɗanda suka yi irin wannan rayuwa, ya kuma shiga gidan Kirista ya ga yadda ake addu'a kafin cin abinci, domin ya san abin da yarinyar take zaune a cikinsa tana azumi. Hausawa sun ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, to marubuci shi ne mai izinin leƙa abin da cikin ya ɓoye. Muna fatan a cikin 'yan'uwa marubuta za a sami wanda zai ba mu littafi guda da zai fara daga daren ganin wata ya ƙare a safiyar Salla, a cikin gida ɗaya, tsakanin uwa da 'yarta.