Hukuncin Mai Waswasi a Littafin Ahalari: Ƙarfinsa da Giɓinsa

A zaurukan karatu na Wudil, kamar sauran ƙasar Kano, littafin Ahalari na Shaihu Abdurrahman al-Akhdari, malamin Aljeriya na ƙarni na 10 bayan Hijira, yana cikin abin da ɗalibi ke fara buɗewa a fiƙihun Malikiyya. A babin rafkanwa, marubucin ya ware wa mai waswasi hukunci na musamman: ya yi watsi da waswasin, kada ya maimaita abin da yake kokwanto a kansa, sai dai ya yi sujadar ba'adi. Risala ta Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani ma ta tafi a kan haka game da wanda shakka ta aure shi.

Hikimar hukuncin a fili take. Wanda shakka ke bijiro masa jefi-jefi, gini yake yi a kan yaƙini. Mai waswasi kuwa, kowace maimaitawa ƙara wa shakkarsa ƙarfi take yi, don haka aka toshe masa ƙofarta. A 1997, Cartwright-Hatton da Adrian Wells, masana halayyar ɗan Adam a Ingila, sun nuna cewa abin da mutum ya ƙudurce game da tunaninsa, musamman ɗaukarsa a matsayin haɗarin da ya gagari sarrafawa, yana da alaƙa mai ƙarfi da yawan fargaba.

A nan giɓin Ahalari yake. Littafin ya faɗi abin da mai waswasi zai aikata, amma taƙaitawarsa ba ta ba shi damar taɓa abin da ya ƙudurce ba. Ɗalibin da ya gaskata cewa duk mugun tunanin da ya ɗarsu a zuciyarsa zunubi ne zai fahimci umarnin barin waswasi a matsayin kokawa da shi har ya fita. Gwajin Daniel Wegner na 1987 a Amurka ya nuna cewa tunanin da ake ƙoƙarin dannewa yakan dawo da ƙarfi. Da haka ɗalibi ke kwashe lokaci mai tsawo wajen alwala, jam'i ya wuce shi, wani har ya fara zargin imaninsa.

Maganin yana cikin Sunna. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Allah Ya yafe wa al'ummar nan zancen zuci matuƙar ba a furta ko aikata shi ba. Muslim ya ruwaito cewa da sahabbai suka koka da tunanin da suke jin nauyin faɗarsa, Annabi (SAW) ya lasafta wannan ƙyamar a matsayin tsantsar imani.

Ba a zargin muhtasari da rashin zama sharhi, domin cike giɓinsa aikin malamin da ke fassara shi ne. Wajibi ne ya haɗa babin rafkanwa da waɗannan hadisai, kuma idan lamarin ɗalibi ya tsananta har ya hana shi barci ko karatu, ya tura shi ga likita. Allah ne Mafi sani.