Gwanin Kacici-Kacici Da Rumbun Kalmominsa

A Rikoto, ɗaya daga cikin unguwannin garin Zuru a Jihar Kebbi, yaro yakan tashi da harshe fiye da ɗaya a bakinsa. In ɗan Lelna ne, waɗanda Hausawa ke kira Dakarkari, zai ji C'lela wajen kakanninsa, ya yi ciniki da Hausa a kasuwa, ya gamu da Turanci a aji. Hausar ma ba iri ɗaya yake ji ba: ga ta fataken Sakkwato masu cewa hwari da ɗiya, ga ta rediyo mai bin Kananci. Kunnen da ya saba da irin wannan cakuɗa yana saurin gane cewa abu ɗaya kan yi suna biyu, kalma ɗaya kuma kan ɗauki ma'ana uku. Wannan ganewa ita ce jarin gwanin kacici-kacici.

Wasan da dare ake yinsa, bayan an ci tuwo, sau da yawa kafin a shiga tatsuniya. Mai tambaya ya buɗe da "Ƙulin ƙulifita", a amsa masa da "Gauta", sannan a shiga na gaske. "Shanuna dubu, maɗaurinsu ɗaya." Wanda ya sani ya ce tsintsiya. "Baba na ɗaka, gemu na waje." Wuta da hayaƙi. "Tsumagiyar kan hanya, fyaɗe yaro fyaɗe babba." Yunwa. In an kasa, mai tambaya ya ce a ba shi gari. A ce an ba shi Dabai, ya ce ya yi masa kusa. A ba shi Mahuta ko Ribah, ya yi ta jan rai, har sai an kai shi Birnin Kebbi ko Kano kafin ya yarda ya faɗi amsa. Yaran da ke zaune suna koyon sunayen garuruwa ba tare da kowa ya ce musu darasi ake yi ba.

Haddace irin waɗannan ba shi ne gwaninta ba, kowane yaro yana da goma a kansa. Gwani shi ne wanda aka jefo masa wadda bai taɓa ji ba, ya yi shiru kaɗan, ya warware ta. Abin da yake yi a cikin shirun nan shi ne abin sha'awa. Yana ɗaukar kowace kalma ya juya ta, ya tambayi kansa wace ma'anarta ake nufi. An ce baba: uba ne, ko baban rini da ake zubawa a marina? An ce kuka: bishiyar da ake miya da ganyenta, ko hawaye? An ce wuya: wanda ake rataya wa sarƙa, ko wahala? Mai tambaya yana so ka kama ma'anar da ta fi kusa, shi kuwa gwani ya san amsa tana ɓoye a ta nesa.

Hausa ta ba wannan wasa fili mai faɗi, domin bambancin kalmomi da yawa yana cikin karin sauti ne da tsawon wasali, kuma rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna ko ɗaya daga cikinsu. Rubuta wa yaro "Na shiga dawa na yanko dawa, na kai gari aka yi gari" ka ce ya karanta da ƙarfi. Wanda bai ƙware ba zai tsaya yana kame-kame. Wanda ya ƙware zai ja wasalin dawa ta biyu, ya bambanta garin mutane da garin tuwo, ba tare da ya yi tuntuɓe ba. A ƙasar Zuru, inda noman dawa ya shiga jinin mutane har bikin Uhola ake yi don godiyar amfanin gona, ba a rasa mai kama zancen tun kafin a rufe baki.

Akwai kuma karya-harshe, irin na ƙato da kwaɗo da suka tafi koto, inda ake gane wanda ya raba k da ƙ a bakinsa. Akwai zaurance, inda 'yan mata kan cusa gaɓa cikin kalma ko su juya ta, gida ta koma dagi, don kada na gefe ya gane. 'Yan makaranta kuma suna da nasu: a zaɓi harafi, kowa ya rubuta suna da gari da dabba da abinci kafin a ce a tsaya. In harafin ya faɗa kan ɓ, nan ake raba yara da manya. Kowa zai rubuta ɓera. Mai rumbu cike shi zai kawo ɓauna, ya ci maki shi kaɗai, domin ba wanda ya yi tarayya da shi. In an zo kan ts, ya bar wa sauran tsuntsu, ya rubuta tsari ko tsaka.

Daga ina ake tara wannan dukiya? Daga bin tsofaffi gona da sauraron sunan kowane haki da kowace bishiya, ɗorawa da ɗinya da ƙirya da kanya. Daga zama kusa da maƙeri da masaƙi da mahauci, waɗanda kowannensu ke da kalmomin da ba a ji sai a wurin sana'arsa. Littafi ma yana taimakawa. Ƙamusun Bargery na 1934 ya tattara kalmomi kimanin 39,000, kuma yakan jera masu kama da juna wuri ɗaya, ta yadda mai neman ƙato zai tarar da dogon jerin 'yan uwansa. Bahaushe dai ya san gabjeje daban, zungurere daban, shirgege daban. A 2006 Jami'ar Bayero ta Kano ta fitar da Ƙamusun Hausa mai bayanin Hausa da Hausa, wanda a ganina ya kamata kowace makarantar sakandare a Zuru ta ajiye.

A 2015 Wellington Jighere, ɗan Nijeriya, ya zama ɗan Afirka na farko da ya ci gasar Scrabble ta duniya, a birnin Perth na Ostareliya. Abin alfahari ne ƙwarai. Sai dai a wancan wasa ana iya cin maki da kalmar da ba a san ma'anarta ba, muddin tana cikin jerin da aka amince da shi. A kacici-kacici ba haka ba ne. Wanda bai taɓa ganin ana naɗa rawani ba, bai kuma taɓa bin hanyar Zuru zuwa Kontagora ya ga yadda take miƙewa tana lanƙwasa ba, in aka ce masa "Rawanin baba faskara naɗi", dole ya ba da gari.