Gandoki da Superman: Waiwaye a Kan Asalin Jarumi Gagarau

1.0 Gabatarwa

Manazarta ƙagaggun labaran Hausa sun daɗe suna sanya littafin Gandoki na Muhammadu Bello Kagara a rukunin labaran jarunta, amma ba kasafai ake auna tauraronsa da takwarorinsa na wasu al'ummu ba. Manufar wannan maƙala ita ce kwatanta Gandoki, barden Kontagora, da Superman, wanda shi ne kakan jarumawan labaran zane na Amurka, domin gano halin da ke haifar da irin wannan tauraro da kuma ɓangaren da ƙarfinsa yake yi wa aiki. Abin da ake nufi da jarumi gagarau a nan shi ne tauraron da marubuci ya ba ƙarfin da ya wuce na 'yan'adam, har ya zama ba a sa ran kowa ya ga bayansa.

2.0 Tarihin Superman a Taƙaice

Samari biyu ne 'yan birnin Cleveland suka ƙago Superman, wato Jerry Siegel mai rubutu da Joe Shuster mai zane, dukkansu 'ya'yan Yahudawa baƙi masu ƙaura. Ya fara bayyana a fitowar farko ta mujallar Action Comics a 1938, bayan sun sayar da haƙƙin mallakarsa a kan dala 130 kacal. A labarin, jariri ne da aka harbo daga duniyar Krypton gab da tarwatsewarta, ya tashi a hannun mariƙa, ya girma yana ɓoye ƙarfinsa a rigar wani ɗan jarida mai sanyin hali, Clark Kent.

Wannan tauraro bai tsaya a kama ɗaya ba. Da farko tsalle yake yi mai nisa, sai daga baya aka ba shi ikon tashi sama. Dutsen kryptonite, wanda shi ne lagonsa, a shirin rediyo na 1943 ya fara fitowa. An kashe shi a 1992, aka kuma dawo da shi a 1993. Haka nan abokan gabansa sun yi ta canzawa: a shekarun matsin tattalin arziki azzaluman masu kuɗi da gurɓatattun 'yan siyasa yake yaƙa, a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu kuwa ya zama tutar kishin Amurka.

3.0 Gandoki da Tarihin Kontagora

Gandoki ya girmi Superman da shekara huɗu. Yana cikin littattafan da suka fito daga gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, an kuma buga shi a 1934 tare da irin su Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, ƙanen marubucin. Tushen labarin tarihi ne na zahiri. Umaru Nagwamatse, jikan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, shi ya kafa masarautar Kontagora da sarautar Sarkin Sudan. A zamanin ɗansa Ibrahim ne Turawa suka ci garin a 1901, suka tuɓe shi, sa'an nan suka mayar da shi gadonsa a 1903.

A wannan zamani aka dasa Gandoki. Kashin farko na littafin ya bi sawun yaƙe-yaƙen da aka yi da Turawa da hijirar da aka yi zuwa gabas. Kashi na biyu kuwa ya fice daga tarihi baki ɗaya, inda jarumin da ɗansa Garba Gagare suka shiga ƙasashen aljannu da dodanni suna cin nasara. Daga ƙarshe ya komo gida ya tarar da sabon mulki, ya kuma sallama masa.

4.0 Kwatanci

4.1 Rashin gida

Taurarin biyu kowanne ya rasa duniyar da aka haife shi a cikinta. Krypton ta tarwatse, daular da Gandoki ya yi wa barance ita ma ta faɗi. Wannan ya nuna cewa jarumi gagarau ba a lokacin wadata ake ƙago shi ba. Al'ummar da ta ji rauni ce take buƙatarsa.

4.2 Lago

Tauraron da ba a iya kayarwa yana kashe labari, don haka dole marubuci ya nema masa lago. Na Superman dutse ne. Na Powerman, jarumin zane da aka buga domin kasuwar Nijeriya daga 1975, wanda Turawan Ingila Dave Gibbons da Brian Bolland suka zana, saran maciji ne. Lagon Gandoki ya fi waɗannan nauyi, domin tarihi ne kansa. Masu karatun 1934 sun san yadda aka ƙare a Kontagora da Burmi, wasunsu ma ganau ne. Ba yadda marubuci zai ba jaruminsa nasara a kan bindigar Turawa, balle ga shi hukumarsu ce za ta buga littafin. Saboda haka rabuwar littafin gida biyu, wadda ake iya ɗauka rauni ne na zubi da tsari, dabara ce: nasarar da tarihi ya hana, sai aka nemo ta a ƙasar aljannu.

4.3 Jarumin wa?

A nan ne kwatancin ya fi tsauri. Ƙarfin Kontagora ta wancan zamani ya ginu ne a kan hare-haren kamun bayi cikin Gwari da Kambari da maƙwabtansu. An ruwaito cewa da aka nemi Sarki Ibrahim ya daina, sai ya kwatanta kansa da kyanwa wadda ba a raba ta da kamun ɓera. Littafin ya kalli waɗannan yaƙe-yaƙe da idon barde, waɗanda aka kai wa harin kuwa ba su da murya a cikinsa. Jikokinsu a yau suna zaune aji ɗaya da jikokin barade a makarantun Jihar Neja. Malamin da ya koyar da Gandoki a matsayin labarin bajinta zalla, ya bar rabin ajinsa a wajen labarin.

Superman ya kuɓuta daga irin wannan matsala ne saboda marubuta da yawa sun yi ta sake masa kama, har shirin rediyonsa ya yaƙi ƙungiyar wariyar launin fata ta Ku Klux Klan a 1946. Gandoki kuwa alƙalami ɗaya ne ya rubuta shi, sau ɗaya, ya tsaya inda aka ajiye shi.

5.0 Kammalawa

Wannan nazari ya nuna cewa adabin Hausa ya mallaki jarumi gagarau tun kafin Superman, ya kuma ƙara da Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa daga baya. Bambancin shi ne Gandoki yana da gari da sarki da abokan gaba waɗanda zuriyarsu ke raye. Duk mai niyyar mayar da shi labarin zane ko fim, ba ya buƙatar aro masa ƙarfi daga waje. Aikin da ke gabansa shi ne ya yanke shawarar yadda zai zana fuskokin mutanen ƙauyukan da dawakin suka afka wa.