Masu Tukunyar Malanville

Masu ziyara kan yini suna zaga Malanville: su ratsa layin albasa a babbar kasuwa, su leƙa gonakin shinkafa, su tsaya bakin Kwara suna hango Gaya. Da yamma kowa gari yake yabo, alhali matan da ke dafa abinci ne suka ɗauki nauyin yinin.

Tun asuba suna bakin ruwa suna ciniki da Sarkawa. Su kankare ƙarfasa, su wanke tarwaɗa har yauƙinta ya fita, su tsince tsakuwa daga shinkafar gida, hayaƙin itace na cin ido. Baƙi su faɗo ba sanarwa, wani da Dendi, wani da Faransanci, kowa ya samu kwanonsa da zafinsa.

"Alhaji, a ƙaro romo?"

Ba don matan nan ba, da burodi da ruwan leda za a wuni.