Masu Karanta Tsohuwar Toka

Ranar 2 ga Afrilu, 1991, dutsen Pinatubo da ke tsibirin Luzon na ƙasar Filifin ya fara fitar da tururi. Babu wanda ke raye da ya taɓa ganin amansa, kuma dubban ɗaruruwan mutane na zaune kewaye da shi. Masanan PHIVOLCS, hukumar binciken aman duwatsu ta ƙasar, ƙarƙashin Raymundo Punongbayan, da abokan aikinsu na Amurka irin su Chris Newhall, makonni kaɗan suka samu su amsa tambaya ɗaya: in dutsen ya fashe, ina wutarsa za ta bi?

Narkakken dutse bai dame su sosai ba, don sau da yawa mutum na iya tsere masa da ƙafa. Abin tsoron shi ne ambaliyar toka mai zafi, wato gaurayen iskar gas da toka da tsakuwa da ke gangarowa a guje. Zafinta kan kai digiri 200 zuwa 700, gudunta kuma ya wuce kilomita 80 a awa, wani lokaci ninki-ninkin haka. Irinta ce ta shafe garin Sampiyer na tsibirin Martinik a 1902, ta kashe mutum kusan 28,000.

Mai son sauƙi zai zauna a ofis ya zana da'ira kewaye da dutsen, ya ce aiki ya ƙare. Gwanin sana'ar kuwa cikin kwari yake gangarawa, inda ruwa ya yanke ƙasa ya bar gaɓa a tsaye. Sai ya kankare fuskar gaɓar da 'yar cebur har shimfiɗunta su fito ɗaya bisa ɗaya, ya auna kaurin kowace, ya rubuta, ya ɗebi samfuri a jaka.

A nan idon da ya san aiki ke bambanta da na ɗan kallo. Tokar da ta zubo daga sama, iska ta riga ta sheƙe ta kamar hatsi a masussuka: masu nauyi sun faɗi kusa, masu laushi sun tafi nesa, ta lulluɓe tudu da kwari da kauri kusan ɗaya. Wadda ta zo a ambaliya ba ta sami wannan sararin ba. Ƙaton dutse na kwance cikin garin toka, babu tsari, ta cika kwari maƙil ta bar tudu da ɗan kaɗan. Wani lokaci akan ga siraran hanyoyi a tsaye cikinta, cike da tsakuwa zalla, inda gas ya huda ya fita bayan ta tsaya, ya kwashe garin. Masani na ganin wannan ya san da zafinta ta iso wurin.

Sai neman gawayi. Itacen da ambaliyar ta binne yakan ƙone ba tare da iska ba, ya zama gawayi, a cikinsa kuma akwai sinadarin kabon-14, wanda rabinsa ke ɓacewa duk shekara 5,730. In aka auna abin da ya rage, an san lokacin da itacen ya mutu. Gawayin Pinatubo ya nuna manyan amai kimanin shekara 500 da 3,000 da 5,500 da suka wuce. Dutse ne mai dogon barci da mugun tashi.

Duk gaɓar da aka karanta sai a ɗiga ta a taswira. Ana kuma kwatanta tsayin da tsohuwar ambaliya ta faɗo da nisan da ta ci, a yi amfani da wannan lissafi a kwarurukan da ba a samu shiga ba. Akan bar rata a gefe, domin ƙurar da ke saman ambaliyar tana iya tsallake tudu. Jan layin nan shi ne mafi nauyi a ganina: in ya matse, rayuka ne, in ya yi faɗi, an raba manomi da gonarsa a banza, gobe ba zai saurari gargaɗi ba.

Ranar 23 ga Mayu taswirar ta fito. Masanan suka bi hukumomi da ita, suna nuna musu fim ɗin da masanin aman duwatsu Maurice Krafft ya haɗa kan irin wannan bala'i, shi da wata ambaliyar ta kashe tare da matarsa Katia a dutsen Unzen na Japan ranar 3 ga Yuni. An kwashe ƙauyukan 'yan ƙabilar Aeta, aka kwashe sansanin sojin saman Amurka na Clark ranar 10 ga Yuni.

Ranar 15 ga Yuni dutsen ya fashe. Ambaliyar ta bi kwarurukan da taswira ta nuna, ta cika wasu da toka mai kaurin mita 200. An rasa ɗaruruwan rayuka, da yawa a ƙarƙashin rufin da jiƙaƙƙiyar toka ta danne, amma an ƙiyasta aƙalla mutum 5,000 sun tsira saboda gargaɗin. Damina na sauka, ruwa ya fara kwaso tokar yana mai da ita ambaliyar laka, wadda ta binne yawancin garin Bacolor a 1995. Tun kafin nan masanan sun koma cikin kwari da ma'auninsu, suna zana taswirar laka.