Asiri Iri Biyu: Tsokaci a Kan Jiki Magayi da Alhaki Kwikwiyo Ne

A wannan ɗan taƙaitaccen sharhi muna so mu bayyana dalilin da ya sa littattafai biyu masu jigo kusan ɗaya suka bar mu da ra'ayi mabambanta, bayan da muka karanta su ɗaya bayan ɗaya a nan Lafiya. Na farko shi ne Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East, ɗaya daga cikin ƙagaggun labarai biyar da aka buga a Zariya bayan gasar 1933. Na biyu kuwa Alhaki Kwikwiyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990. Dukkansu a kan aure da alhaki aka gina su. A ganinmu, inda suka rabu shi ne ma'anar da kowanne ya ba kalmar asiri.

A Jiki Magayi, attajiri Malam Shehu ya raba Abubakar da Zainabu, ya aure ta domin neman haihuwa. Abubakar ya bazama neman asirin ramuwa, asirin kuma ya faɗa kan Kyauta, ɗan da aka haifa. Yaro ya tashi ɓarawo, bai san mafarin lalacewarsa ba, har ya kashe mahaifinsa cikin rashin sani. Zubi da tsarin labarin babu kara-zube, kowane abu yana jawo na gabansa. Duk da haka mun rufe littafin zuciyarmu ba ta motsa sosai ba. Asiri a nan sammu ne, daga waje ya shigo gida. Da zarar mai karatu ya yarda sammu ne ya juya Kyauta, to an ɗauke wa yaron nauyin aikinsa, mu ma an ɗauke mana wahalar yi masa hukunci. Zainabu kuwa, wadda a kanta aka yi rigimar, ba mu ji ciwon ranta yadda ya kamata ba.

Littafin Balaraba ya hana mu sakat. Asirin da ke cikinsa shi ne wanda ake rufawa. Rabi, uwar 'ya'ya tara, ta daɗe tana rufa wa Alhaji Abdu asiri, tana cike gurbin cefanen da yake ƙwauronsa, alhali yana da rumfar yadi a kasuwa. Bayan da ya auro Delu, ya kori Rabi da 'ya'yanta, sai abin da bango ya ɓoye ya fito titi. Rabi ta kama sayar da abinci ta riƙe gida, 'yarta Saudatu ta yi aure na mutunci. Wannan asirin ba sai an shiga daji nemansa ba. Kusan kowannenmu ya san wani gida a unguwarsu da ake irin wannan rufi.

Sai dai ƙarshen ya tsaya mana a maƙogwaro. Gobara ta cinye dukiyar Alhaji Abdu, Delu ta juya masa baya, dangi kuma suka matsa wa Rabi ta koma. Wasu manazarta na cewa marubuciyar ta ja da baya ne. Mun fi karkata ga cewa da gangan ta yi, domin ta nuna cewa ko bayan alhaki ya cim ma mai shi, macen da aka zalunta ce ake sake miƙa wa aikin rufa masa asiri.