Majami'ar Wusasa da Kufan Alƙalawa: Tsokaci ga Marubutanmu

Turawan mishan na Ingila ne suka sa aka gina majami'ar St. Bartholomew da ke Wusasa, kusa da Zariya, a shekarar 1929, amma hannun maginan Hausa ne ya fitar da surarta. Ginin ƙasa ne mai kaurin bango, wanda ke hana zafi shiga. Rufin kuwa a kan bakan gizo ya zauna, wato dabarar da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya nuna gwanintarsa a kanta a masallacin Juma'a na Zariya tun ƙarni na 19. Kyanta a ganinmu shi ne ba ta kwaikwayi majami'un ƙauyukan Ingila masu dutse da gilashi mai launi ba.

Sai dai fa ginin ƙasa da yaɓe yake rayuwa. Mu mutanen Gobir shaida ne. Alƙalawa ta faɗi a 1808, yau sai kufai. Haka nan soron da damina ta ci a Sabon Birni ko Isa, bulo da kwano ke maye gurbinsa.

Abin takaici, littattafanmu sun cika da falo da kafet da kujerun kushin. Ina zaure? Ina azara da zanko da indararo? Ina jeren amarya? Muna kira ga marubutanmu su zauna da tsofaffin magina, su ji sunan kowane sashe na soro daga bakinsu, su sa shi cikin labari tun masu sanin suna raye.